Faɗuwa a makarantun koyon aikin jinya: yaran ne, makarantun ne, ko kasuwanci ake yi da iyaye?

"Assalamu alaikum Hajiya. 'Yata ta samu gurbi a wata kwalejin koyon aikin jinya mai zaman kanta. Shanuna biyu na sayar na biya kuɗin makaranta da na ɗakin kwana da na yunifom. Su fiye da ɗari biyu aka ɗauka. Bayan wata shida aka yi musu wata jarrabawa aka manna sunaye, waɗanda suka haye ba su kai rabi ba, ita tana cikin waɗanda aka ce su tattara kayansu. Ga kuma ɗan maƙwabcina, shi ya gama shekarunsa cif a wata makarantar, amma sau biyu ke nan yana faɗuwa jarrabawar Kansul, wato ta samun lasisin aiki. Abin ya ɗaure min kai. Yaranmu ne ba sa ja, ko makarantun ne ba sa koyarwa, ko kuwa kasuwanci ake yi da mu? Kuma in sake biya ta maimaita, ko in haƙura?" Daga wani uba a jihar Katsina.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka kashe, ita kuma yarinya Allah ya sanyaya mata zuciya. Na san irin kukan da ake yi a gaban allon nan ranar da aka manna sunaye, domin na sha tsayawa a baranda ina kallo, kuma ba zan ɓoye maka ba, wasu shekarun da jan birona aka duba takardun. Na daɗe ina aikin nas a asibitocin gwamnati kafin na koma aji, kuma shekarun da na yi ina koyarwa yanzu sun fi waɗanda na yi a gefen gado. 'Yar cikin gida ce ke ba ka amsa, sai ka auna maganata da wannan mudu.

Tambayarka uku ce a dunƙule, amma labari biyu ka ba ni, kuma duk da sun yi kama, ba uwa ɗaya ta haife su ba. 'Yarka a ƙofar shiga aka tare ta, ɗan maƙwabcinka a ƙofar fita ya maƙale. Abin da ke kayar da mutum a ta farko daban yake da na ta biyu. In ba a raba su ba, za a ba mai ciwon ciki maganin ciwon kai.

Wa ke riƙe da linzami

Makarantar koyon jinya, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, koyarwa kawai take iya yi, ba ta da ikon mayar da kowa nas. Wannan iko yana hannun Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda kowa a cikinmu ke ce wa Kansul. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ce ta kafa ta a siffarta ta yanzu, bayan an haɗe hukumar ungozomomi da ta nas-nas, waɗanda tun zamanin Turawa kowacce ke aiki a gefenta. Ita ke zuwa ta duba makaranta ta amince da ita ko ta ƙi. Ita ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, wato kota. Ita ke ba kowane ɗalibi lambar rajista, abin da muke kira indeksin. Sannan ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi: ta nas-nas a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba. Duk wanda ba shi da lambar indeksin, ko shekara goma ya yi yana sa farin kaya yana zuwa aji, a wurin Kansul babu shi.

Tsohon tsarin karatun shekara uku ne. Yanzu makarantun sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma (ND) da babbar difloma (HND) a shekara huɗu, ta JAMB ake shiga, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ta shigo cikin masu sa ido. Na jami'a shekara biyar ne. Akwai kuma gajeren tsari na shekara biyu, na nas da ungozomar karkara. Kowace hanya mutum ya bi, a gaban Kansul zai ɓulla.

Tankaɗe da rairaya na wata shida

Jarrabawar da ta fitar da 'yarka ita muke kira PTS. A wata shidan farko ana ɗura wa ɗalibi ilimin sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da tushen aikin jinya, kafin a yarda ya taɓa maras lafiya. Wanda ya haye sai a yi masa biki, a ɗaura wa 'yan mata hular nas, a yi rantsuwa, a aika sunansa Kansul. Wanda bai haye ba a sallame shi. Ɗalibai suna kiran jarrabawar da wata kalmar Turanci mai nufin cire ciyawa daga gona, kuma wannan suna kaɗai ya isa ya nuna maka yadda suke kallon kansu a cikinta.

Ban taɓa jin kunyar kare asalin wannan jarrabawa ba. A kowane aji akwai wadda iyaye suka turo don an ce nas ba ta rasa aiki, alhali ita ko jinin kaza ta gani sai ta kau da kai. Akwai wanda ya shigo saboda likitanci ya gagara, yana raina aikin tun kafin ya fara. Gara a gane su a wata shida da a gane su bayan shekara uku, ko kuma a gane su a kan gadon wani.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A ce Kansul ta yanka wa makaranta kota ɗari, makaranta kuma ta buɗe ƙofa ta ɗauki ɗari biyu da hamsin. Tun ranar da suka sauke akwatunansu, kafin a buɗe littafi ko ɗaya, an riga an san ɗari da hamsin gida za su koma, ko da kuwa dukkansu haziƙai ne. A takarda makin tsallakewa hamsin ne cikin ɗari. A aikace layi ake jerawa daga sama, a yanke a inda kota ta ƙare. Mai maki sittin sai ta faɗi bana, alhali bara mai hamsin da biyu ta haye. Wannan ba auna ilimi ba ne, rububi ne. Kuma ajin da aka gina don mutum ɗari, in aka cusa masa ninki biyu da rabi, har waɗanda za su haye ɗin ma an rage musu rabonsu, domin na baya ko muryar malami ba sa ji, ɗakin koyon aiki kuwa mutum-mutumi biyu ne, kafin layi ya zo kanka an tashi.

Me ya sa ake haka? A makarantun kuɗi amsar ba ta buƙatar dogon tunani. Kowane ɗalibi ya biya kuɗin shekara, da na ɗaki, da na yunifom, kuma wanda aka sallama ba a mayar masa da ko sisi. In ma an ce ya maimaita, sabon kuɗi ne. Don haka tambayarka ta uku, ko kasuwanci ake yi da ku, amsata ita ce a wasu wuraren ƙwarai kuwa. Ba duka ba, don na san makarantu masu zaman kansu da suka fi na gwamnati da yawa tsari da tsoron Allah. Amma duk makarantar da ta karɓi kuɗin mutanen da ta tabbata ba ta da lambar da za ta ba su, ba ta kuma faɗa wa iyayensu tun farko ba, ta ci haƙƙi.

Mu na gwamnati ma ba za mu wanke hannu ba, namu ciwon daban ne kawai. Na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai a wata makaranta. Muka yi kwana uku muna tantancewa, muka fitar da sunaye daidai da kota. Kafin mako ya zagayo sai ga takardu suna shigowa, wannan daga ofishin wane, wannan daga Honarabul, wannan daga fada, wannan 'yar ƙanwar wani babba ce. Shugaban makaranta ba ya iya cewa a'a, don kujerarsa a hannunsu take. Sai ya ce a ɗauki kowa, PTS za ta raba gardama. Ta kuwa raba, sai dai wasu masu takardar sun sake komawa wurin iyayen gidansu bayan sakamako ya fito, kuma kujerar da aka nemo musu ta ɗan wani talaka ce. Har yau in na tuna fuskar wata yarinya da ta zo daga ƙauye a bayan motar itace, wadda makinta ya isa amma sunanta bai fito ba, sai in ji abincin ranar ya fita a raina.

Bari in ƙara maka wani sirri, tunda za ka sake neman makaranta. In ka ga an kafa ƙaton allo a bakin titi an rubuta cewa ɗalibansu sun ci Kansul ɗari bisa ɗari, kada ka yi wa rogo kallon kitse. Kafin Kansul akwai wata jarrabawar cikin gida da makaranta ke yi don zaɓar waɗanda za ta gabatar. Mai son suna sai ta riƙe duk wanda take shakka a kansa, ta tura zaƙaƙurai kawai. Ɗari biyu sun shiga, tamanin sun haye PTS, hamsin aka gabatar, hamsin suka ci, ga ɗari bisa ɗari. Wata makarantar kuwa ta ɗauki ɗari, ta rene su, ta gabatar da casa'in, saba'in da biyar suka ci a zaman farko, sai a ce ba ta da ƙoƙari. Ni dai 'yata ta biyun zan kai.

Ƙofar fita

Faɗuwa a Kansul wani abu ne daban, domin a nan babu kota, babu layi. Duk wanda ya kai maki ya ci. Saboda haka in makaranta ta gabatar da ɗalibai suka zube, tonon silili ne ga abin da aka yi a shekarun baya, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dalili na farko harsashi ne, wato karatun da yaro ya taho da shi daga sakandare. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Kowa yana zuwa da su, takarda fes. Amma ni da kai mun san akwai makarantun sakandaren da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo, kuma iyaye da yawa da saninsu suke kai 'ya'yansu can. Ranar farko a ajina nakan rubuta tambaya ɗaya: likita ya ce a ƙara wa mutum ruwa mililita 500 cikin awa huɗu, robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo nawa za ki saita a minti ɗaya? Ninkawa ce da rabawa kawai: 500 sau 20, a raba da minti 240, ya ba ka ɗigo 42 in ka cike. Sai ka ga mai kiredit a Lissafi tana cizon biro har lokaci ya ƙare. Wannan lissafi kuwa ba na ado ba ne. Ruwan da ya kamata ya shiga a awa huɗu in ya shiga a minti arba'in, ƙaramin yaro ko tsoho mai ciwon zuciya zai iya tafiya a kansa.

Sai harshe. Karatun gaba ɗaya da Turanci ne, kuma Turancin ma cike yake da kalmomin Latin da Girkanci. Na sha kiran ɗalibar da ta faɗi in yi mata tambayar da Hausa, sai ta zayyano min amsa tiryan-tiryan. Ta san abin, tambayar ce ba ta gane ba. Irin waɗannan su ne suka fi ba ni tausayi, kuma su ne suka fi sauƙin ceto, in an samu malamin da zai zauna da su da yamma. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu hadda. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, tarbiyyar allo ta ba mu wannan, kuma baiwa ce. Amma Kansul ta koma jarrabawar kwamfuta, tambayoyin kuma na zaɓi ne masu kawo maka labarin maras lafiya su ce me za ka fara yi. Amsoshi huɗu, uku duk suna da ƙamshin gaskiya, ɗaya ce ta fi gaggawa. Wanda ya haddace takardar malami kalma da kalma, a nan yake tsayawa cak.

Na biyu malamai. Ma'aunin Kansul shi ne malami ɗaya ga ɗalibai goma. Ka shiga makarantu ka ƙirga da idonka. Ana horar da malamin jinya ne daga cikin gogaggun nas-nas, su kuwa gogaggun jirgi suke hawa. A farkon 2024 magatakardan Kansul na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Gwamnati ta ga gurbi ya buɗe sai ta ce a ƙara yawan masu shiga. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da ɗaga kotar ƙasa daga 28,000 zuwa 64,000, a 2025 kuma aka sanar da kai ta 115,000. Niyyar mai kyau ce, muna buƙatar nas-nas, musamman mu a Arewa. Amma kota da biro ake ƙara ta a rana ɗaya, malami kuwa sai an shekara da shekaru ana dafa shi. An ninka tuwo sau huɗu, miyar tana nan yadda take. Abin da ke biyo baya shi ne malami ɗaya yana koyarwa a makarantu uku, yana shiga aji a guje ya sayar da takardar darasi ya fita. Kuma ba sabon abu ba ne a yi aron malamai da kayan aiki ranar da masu duba makaranta za su zo, washegari a mayar wa masu su.

Na uku, wanda a wurina ya fi duka nauyi, shi ne asibitin koyon aiki. Jinya sana'ar hannu ce, kamar ɗinki ko ƙira. Ba a koyon ta da kunne. Wata safiya na je duba ɗalibaina a ɗakin mata na wani babban asibiti, na tarar masu farin kaya sun fi marasa lafiya yawa. Makarantu huɗu ne suka turo ɗalibansu ɗaki ɗaya a mako ɗaya. Na'urar awon jini ɗaya ce, sista mai aiki ita kaɗai ce, tana gudu tsakanin gadaje, ina ta ga lokacin koya wa wani? Ɗalibai suna jere a benci suna danna waya. Da aka tashi kowa ya miƙa littafinsa na shaidar ayyukan da ya yi, aka sa hannu. Na jawo wata 'yar ajin ƙarshe na tambaye ta sau nawa ta taɓa sa wa mace robar fitsari da hannunta. Ta sunkuyar da kai. A littafinta an sa hannu cewa ta yi.

Irin wannan ɗaliba ce ke zuwa ɓangaren aikin hannu na Kansul, wanda muke kira OSCE. Tashoshi ne a jere, kowacce 'yan mintuna, ana kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba, mai jarrabawa yana tsaye da takarda yana duba ko ka wanke hannu, ko ka gai da maras lafiya ka faɗa masa abin da za ka yi masa, ko ka tsare masa mutuncinsa da labule. Hannun da ya saba, shi ke yin aikinsa ko da zuciya na bugawa. Hannun da bai saba ba rawa yake yi, ƙararrawa ta kaɗa yana neman inda almakashi yake.

Me zai hana a sassauta?

Iyaye sukan tambaye ni haka, wasu da fushi. Amsata ita ce ka tuna inda yawancin yaran nan za su yi aiki. A ƙaramin asibitin ƙauye, ƙarfe biyun dare, an kawo mace a amalanke tana jijjiga ko jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, babu likita sai an yi tafiyar awa biyu. Nas ko ungozomar da ke wurin ita ce likita, ita ce mai ba da magani, ita ce komai. In ba ta san adadin maganin jijjiga da za ta ja a sirinji ba, babu wanda zai gyara mata. Ko a Turai, inda kayan aiki suka wadata, binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 2014, a asibitoci 300 na ƙasashe tara, ya nuna cewa duk maras lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan aikinta yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari, kuma yawan nas-nas masu zurfin karatu yana rage wannan haɗari. To ina ga ƙauyukanmu? Ni ban yarda a rage tsawon katangar ba. Tsani nake so a kafa wa yara.

Kuma an gwada an ga tsanin yana aiki. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, waɗanda garuruwansu suka zaɓa, a ba su karatun share fage na Turanci da Lissafi da kimiyya kafin su shiga makarantun lafiya, a tanadar musu ɗakin kwana mai tsaro da wurin renon jarirai. Yaran da a da za a ce ba sa ja, sai ga su sun zama ungozomomi a garuruwansu. Wannan ya isa amsa ga tambayarka ta farko. Ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba, shiri ne ya yi.

Ga maƙwabcinka akwai labari mai daɗi. Da, wanda ya faɗi Kansul sau uku an sallame shi ke nan, shekarunsa sun bi ruwa. A watan Satumba na 2025 Kansul ta soke wannan doka. Yanzu ɗalibi zai ci gaba da maimaita ɓangaren da ya faɗi har ya ci, da sharaɗin yana nan a makaranta yana halartar aƙalla kashi 80 cikin ɗari na darussa da aikin asibiti. Na yi murna da wannan, don na ga waɗanda maki biyu ko uku ya raba da sana'ar rayuwarsu. Fargabata ɗaya ce, kada wasu makarantu su mayar da masu maimaitawa saniyar tatsa. Ka ce wa yaron ya duba takardar sakamakonsa ya ga wane ɓangare ne ke kayar da shi. In na kwamfuta ne, ya daina karatun hadda shi kaɗai a ɗaki, ya samu abokai uku ko huɗu su riƙa amsa tambayoyin baya da agogo a gabansu, kowa yana faɗin dalilin zaɓinsa. In aikin hannu ne, littafi ba zai cece shi ba. Ya nemi wata babbar sista mai haƙuri ya liƙe mata, ya roƙi aikin dare, lokacin da ɗalibai ba su da yawa kuma hannu ake nema.

To, ita 'yarka fa?

Daga nan inda nake ba zan yanke mata hukunci ba, don ban ga takardunta ba, ban kuma zauna da ita ba. Amma kada ka sake fitar da ko kwabo sai ka je makarantar da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka nemi makinta darasi bayan darasi, haƙƙinka ne. Ka tambaye su kotar da Kansul ta ba su, da adadin da suka ɗauka. In ka tarar ta haura hamsin a yawancin darussa, layi ne ya yanke ta, to ba faɗuwa ta yi ba, kujera ta rasa, kuma ban ga dalilin mayar da ita wurin da za a sake jera ta a irin wannan layi ba. Ta sake zana JAMB ta nemi kwalejin gwamnati ta jiharku ko makarantar wani asibitin koyarwa, kamar na Zariya ko Sakkwato, ko wata mai zaman kanta da ka bincika da kanka. In kuwa ka ga makin ya yi ƙasa a ko'ina, to harsashin ne, kuma sake biyan kuɗi yanzu zuba ruwa ne a rariya. Shekara guda a gida tana gyara Turanci da Lissafi da Bayoloji wurin malami nagari ta fi maka arha nesa ba kusa ba.

Duk makarantar da za ka kai ta, ka sa wani mai waya ya duba maka shafin Kansul ya tabbatar sunanta yana cikin waɗanda aka amince da su, don akwai masu ɗaukar ɗalibai suna cewa amincewar tana hanya. Ka tambayi ajin da ya fita bara: su nawa suka shiga, nawa aka yi wa indeksin, nawa aka gabatar, nawa suka ci. Makarantar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya. Sannan ka ce a nuna maka asibitin da suke koyon aiki, ka shiga da safe ka ƙirga gadaje masu mutane, ka ƙirga masu farin kaya. Ka kuma yi hattara da masu cewa ka kawo ta asibitinsu ko kemis ɗinsu ta koyi aikin nas a shekara ɗaya ko biyu a ba ta takarda. Kansul ba ta san da wannan takarda ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita. In jinyar ce ta gagara, kwalejin kimiyyar lafiya tana nan, aikin lafiyar al'umma sana'a ce mai lasisinta da mutuncinta.

Akwai kuma tambayar da ba kai za ka yi mata ba, don kunyarka da tunanin shanun nan biyu ba za su bari ta faɗa maka gaskiya ba. Ka sa mahaifiyarta ko gwaggonta ta keɓe da ita ta tambaye ta: ke kina son aikin nan kuwa? In ta ce tana so, ka ɗauko littafinta na ilimin jiki ka buɗe babin zuciya, ka ce ta karanta shafi ɗaya ta rufe, ta bayyana wa mahaifiyarta da Hausa yadda jini ke zagayawa har ita ma ta gane. Sannan ka ba ta lissafin ƙarin ruwan nan, ba tare da ka nuna mata amsar ba. In bayanin ya fito, ta kuma ce maka ɗigo 42, ka fara tanadin kuɗin fom.